Ƙafar da Aka Ajiye wa Lauya

Su huɗu ne a ɗakuna biyu, a saman wani gidan haya mai matakalar ƙarfe ta waje. Akwai Baba, mai gyaran fanka da dutsen guga a wata 'yar rumfa a bakin titi. Akwai Umma, wadda kekenta na ɗinki yake gindin taga. Akwai Kawu, ƙanen Umma, direban babbar mota da aiki ya tsaya masa, ya zo da sunan kwana biyu har tabarmarsa ta saba da kusurwar falo. Sai yarinyar gidan, 'yar shekara tara, wadda kowa yake kira Tsalle, domin tun da ta iya tafiya ba a taɓa ganin ta taka matakala ɗaya bayan ɗaya ba.

Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba, kuma suna son juna daidai gwargwado. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ji maganarsu. Mutumin da ya mallaki gidan, wanda 'yan haya suke kira Mai Bene, amsa ɗaya gare shi. In rufi ya yi yoyo, za a duba. In famfo ya ƙafe, za a duba. Baba ya sha gaya masa tsatsa ta cinye matakalar, shi kuwa yakan ɗaga gilashin motarsa tun Baba bai rufe baki ba.

Wata safiya Umma ta aiki Tsalle sayo zare. Ta sauko da tsallenta kamar kullum, sai wani taki ya ɓurma da ita, bakin ƙarfen ya tsaga mata ƙafa daga idon sawu zuwa tsakiyar ƙwauri. Baba ya sungume ta zuwa wajen mai kyamis na kusa. Mutumin ya wanke ciwon, ya ɗaure, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa: a kai ta asibiti yau ɗin nan a ɗinke, a yi mata allura saboda tsatsa.

Baba yana neman tasi Kawu ya riƙo hannunsa.

"Yaya, tsaya. Idan motoci suka yi karo, wa yake matsar da su kafin jami'ai su zo su auna? Babu. Wanda ya matsar da motarsa shi ya zubar da gaskiyarsa. To wannan ƙafar ita ce wurin hatsarin."

Ya ci gaba da bayani, yana tafa bayan hannunsa a tafin ɗayan. Da zarar likita ya ɗinke, ya share, ya lulluɓe da farin bandeji, Mai Bene zai ce ƙwarzane ne na wasan yara. Amma idan lauya ya ga ciwon yadda ƙarfe ya bar shi, to Mai Bene ya shiga hannu. Kawu ya yi shekaru yana kan hanya, ya ga hatsari iri-iri, kuma a gidan babu wanda ya taɓa taka ko da farfajiyar kotu sai shi. Baba ya dubi 'yarsa, ya ga jinin ya tsaya, har tana lasar alewar da mai kyamis ya ba ta. Ya sauke hannun da ya ɗaga wa tasi.

Haka kalmar lauya ta shigo gidan, kamar babban baƙon da aka daɗe ana jira. Umma ta goge wa Baba rigarsa ta fita har sau biyu. Shi da Kawu suka tafi ofishin da wani abokin cinikinsa ya kwatanta masa, suka dawo bakinsu har kunne, da ɗan katin lauyan a aljihun gaba. Aka jingina katin a saman talabijin, kusa da hoton Tsalle na makaranta.

Lauyar mace ce, in ji su. A allon ƙofarta an rubuta tana karɓar rikicin haya, da gado, da yarjejeniyar kasuwanci, da rauni. Umma ta ɗan damu, ta ce mai yin komai anya ta ƙware a ɗaya? Kawu ya ce ai irinta ake nema, duk ƙofar da Mai Bene ya bi don ya gudu, zai tarar da ita zaune a ciki. Sun same ta tana shirin fita, za ta yi tafiya wata shari'a, don haka a tsaye ta saurare su. Ta ce kada su yi cacar baki da Mai Bene, su ɗauki hoton matakalar, su zo mako mai zuwa da yarinyar da takardun asibiti. Ta tambaya ko an yi wa yarinyar magani, Kawu ya amsa da cewa an yi tun ranar. Baba ya gyaɗa kai. Ai mai kyamis ma magani ya yi. Takardun asibiti kuwa, Kawu ya ce a hanya, bayan ta gani da idonta sai a je a karɓo.

Tsalle ba ta taɓa jin daɗin zaman gida irin na waɗannan kwanakin ba. Babu makaranta, babu wanke-wanke. An shimfiɗa mata katifa a tsakiyar falo, an ɗora ƙafar a kan matashi mafi laushi. Maƙwabta suna hawowa a hankali, suna tsallake takin da ya ɓurma, kowa da biskit ko lemo. Safe da yamma Kawu yana kwance bandejin, ya shimfiɗa tef ɗin awon Umma a gefen ciwon, ya ɗauki hoto da waya. Duk wanda ya shigo sai an buɗe masa ya gani, ya riƙe baki, ya yi Allah wadai da Mai Bene. Kawu ya daina kiranta Tsalle, sai Babbar Shaida.

Bayan cin abincin yamma kuwa kotu ake zama. Kawu yakan naɗa farin tawul a ka ya zama alƙali, ludayi a hannunsa. Baba, mutumin da ba ya yawan magana, shi ne Mai Bene: ya cusa matashi a cikin riga, ya turo ciki, duk abin da aka tambaye shi ya ce za a duba. Umma ce lauya, da baƙin yadin wata da ta kawo ɗinki a kafaɗa, tana nuna ƙafar da almakashi tana cewa ya mai shari'a, a dubi wannan ta'asa. Alƙali ya buga ludayi a kan kwano, ya yanke wa Mai Bene hukuncin hawa da sauka a matakalarsa har ƙarshen rayuwarsa, ba takalmi. Tsalle takan yi dariya har hawaye su zubo. Daga nan sai a shiga rabon abin da ba a samu ba. Baba zai kama shago mai ƙofa da makulli. Umma za ta sayi keken ɗinki mai lantarki. Tsalle ta ce ita takalmin gudu take so, ja mai farar igiya, aka ce ai nata ne farko, tunda ƙafarta ce ta kawo.

Wannan magana ta zauna mata a rai. Ita ce ta kawo wa gidansu lauya. Ita ta sa Baba yake dariya da ƙarfi. Idan ta kwanta takan roƙi Allah a ɓoye kada ciwon ya warke kafin ranar.

Bai warke ba. Bakinsa ya yi ja, jan ya fara hawa sama. Ƙafar ta kumbura har tef ɗin awo ya nuna ƙari, Kawu ya yi murna da hakan, ya ce yanzu ne ma hoton yake fita da kyau. Sai wani ruwa mai launin ƙwai ya fara jiƙa bandejin. Sai wari. Umma ta riƙa fesa turare a falon kafin baƙi su shigo, ta ba Tsalle mafici ta riƙa korar ƙuda.

"Umma, kamar ana taka kekenki a cikin ƙafata," in ji ta wata rana.

Umma ta taɓa goshinta, ta janye hannu da sauri. Ta ɓallo ƙwayar zazzaɓi ta ba ta da ruwa. "Yi haƙuri, uwata. Saura kaɗan. Don ke ake yi."

Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu ta ƙasa, ita kaɗai ce ba ta riƙe baki ta zagi Mai Bene ba. Da aka buɗe mata ta gani, sai ta ja Umma gefe ta ce wannan ba abin nunawa ba ne, a ɗauki yarinyar nan yanzu. Tana fita Kawu ya tuna cewa ya taɓa ganinta tana gaisawa da matar Mai Bene a bakin kanti, har da dariya. Daga ranar aka daina buɗe mata ƙofa.

Ana gobe za a tafi, sakataren ofishin ya bugo waya: shari'ar can ta ja, Lauya ba ta dawo ba, a ɗaga zuwa wani makon. Baba ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ya ce ko dai a leƙa asibitin. Kawu ya ce yanzu kuma, bayan duk wahalar da yarinya ta sha? In aka ɗinke yau, ta sha ta a banza ke nan, kuma wannan shi ne zalunci. Baba ya ce haka ne kuma, 'yan kwanaki ne. Umma ta ce ita dai ba ta san shari'a ba, abin da maza suka yanke shi ke nan. Kowa ya sami inda ya jingina nauyinsa, aka kunna talabijin.

Kwanakin da suka biyo baya Tsalle ba ta riƙe su da kyau ba. Jikinta ya yi sakayau kamar za ta tashi sama. Tana ganin fankar rufi tana juyawa ko babu wuta. Biskit ya taru a gefen katifa ba ta ci. Takan fashe da dariya ba dalili, Kawu ya ce kun gani, Babbar Shaida ba ta karaya ba. Har yanzu ana zaman kotu da yamma, sai dai Umma ta daina zama lauya, ta ce aiki ya yi mata yawa, ta koma gindin taga ta juya musu baya. Idan zafin ya taso, Tsalle takan cije bakin zani, don kada ta ɓata musu wasan.

Ranar ta zo. Aka sa mata rigarta mai fure, Umma ta ɗaure mata gashi da jan ƙyalle. Baba ya goya ta ya sauko, Kawu yana gaba da waya cike da hotuna, yana gaisawa da mutanen layi kamar mai tafiya karɓar kyauta.

Ofishin yana saman wani shagon buga takardu. Ɗaki ne ƙarami, da fanka mai ƙara wadda Baba ya ce a ransa ƙarfenta ya gaji, da tulin fayil ɗaure da igiya har kan kujeru. Tsalle ta zaci za ta ga doguwar mace da farin gashin nan na kotu. Sai ta ga wata 'yar gajeruwa mai tabarau, tana shan shayi a kofin da bakinsa ya ɓalle. Baƙar rigarta ta lauya tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa kamar ta kowa.

Lauya ta ba su haƙuri a kan jinkirin, ta kwashe fayil ta ba su wuri. Ta ce kafin komai tana so su san abin da za su tarar. Za a rubuta sharuɗɗan aikinta su karanta su sa hannu, don kada a yi rigima daga baya. Shari'a tana da jan lokaci, ba kamar ta talabijin ba ce, kuma mafi yawan irin wannan a sulhu take ƙarewa. Ba ta alkawarin nasara, wanda duk ya yi musu alkawarinta su guje shi. Abu ɗaya take nema a wurinsu: su gaya mata gaskiya duka, har wadda ba ta yi musu daɗi ba. Sannan ta miƙa hannu a ba ta takardun asibiti.

"Ranki ya daɗe, mun kawo miki abin da ya fi takarda," in ji Kawu. "Mun ajiye miki shi yadda yake. Ko allura ba mu bari an taɓa ba."

Ya durƙusa ya warware bandejin da ƙwarewa, ya ja baya don ta gani sosai. Warin ya cika ɗakin. Sakataren da ya leƙo da fayil ya koma da baya. Tsalle ta gyara zama, ta yi murmushi, tana jiran a riƙe baki a zagi Mai Bene.

Lauya ba ta riƙe baki ba. Ta cire tabarau ta ajiye, ta zagayo teburin ta tsuguna, ba a gaban ƙafar ba, a gaban fuskar yarinyar. Ta sa bayan hannu a wuyanta.

"'Yata, tun yaushe yake miki zafi haka?"

Tsalle ta buɗe baki za ta ce ba ya zafi. Ta dubi Kawu, ta dubi Baba. Tun ranar da ta faɗi mutane suke hawowa suna cewa a buɗe mu gani, amma wannan tambayar babu wanda ya yi mata. Sai murmushin ya karye, kukan da ta tara a bakin zani ya fito gaba ɗaya.

Lauya ta miƙe ta ɗauki makullin motarta. Kawu ya fara bayanin motocin da suka yi karo, ta dakatar da shi ba tare da ɗaga murya ba.

"Malam, mota ba ta ruɓewa in an bar ta a titi. Alƙali ba ya duba ciwo, rahoton likita yake karantawa. Kuma ku sani, in na karɓi wannan aiki, ba kai nake yi wa ba, ba mahaifinta ba. Ita nake yi wa. Ɗauko ta."

A asibiti aka shige da Tsalle wani ɗaki mai fitila a sama, daga nan ba ta san komai ba. Da ta farka, ƙafar tana nan, an naɗe ta har gwiwa. Ta ji likita yana gaya wa Baba a bakin gado cewa da an ƙara jinkiri kaɗan da sai an yanke. An cire naman da ya mutu, amma ruɓar ta taɓa jijiyar idon sawu, ba zai riƙa lanƙwasa kamar da ba. Da an kawo ta ranar da abin ya faru, in ji shi, ɗinki ne da allura, ta koma makaranta a makon. Baba yana tsaye da rigarsa ta fita, yana ta gyaɗa kai kamar wanda ake kwatanta wa hanya.

Lauya ta zo duba ta, ta kawo mata littafin zane. A nan gefen gadon ta gaya wa Baba inda magana ta tsaya. Mai Bene yana da laifin matakala, wannan ba ya gudu. Amma lauyansa zai tambayi ranar da yarinya ta faɗi da ranar da aka kai ta asibiti, ya ce tsagar ta Mai Bene ce, ruɓar taku ce. Hotunan Kawu, safe da yamma da tef ɗin awo a gefe, su ne za su tabbatar masa da hakan. Ita kuma ba za ta yi ƙarya don ta rufe ba.

A sulhu aka ƙare, kamar yadda ta faɗa tun farko. Mai Bene ya ɗauki nauyin asibiti, ya turo masu walda suka sa sabuwar matakala. Ba a yi shago mai makulli ba, ba a sayi keke mai lantarki ba. Jan takalmin kuwa babu wanda ya sake ambatonsa.

Da Tsalle ta dawo gida an sauke katin daga saman talabijin. Kawu yana gaya wa mutanen layi cewa lauyar ce ba ta da zafi, da babban ofishi aka je da yanzu Mai Bene yana kuka. Baba ya ce sakataren nan ne da ya ɗaga ranar. Umma ta ce haka Allah ya rubuta, ta zauna ta ɗinka wani ɗan matashi mai laushi da za a riƙa sa wa a cikin takalmin makaranta. Duk cikinsu babu mugu. Babu wanda ya ɗaga mata hannu, babu wanda ya hana ta abinci. Sun gaji ne da zama mutanen da ba a saurara, sai suka sami abin da zai sa a saurare su, suka manta cewa abin yana manne da jikin yarinya. An zagi Mai Bene, an zagi sakatare, an zagi lauya. Ba a sami wanda ya zauna a gefen katifarta ya ce mu ne ba.

Sunan bai canza ba, har yanzu Tsalle ake kiranta. Da safe takan rataya jakarta, ta kama ƙarfen sabuwar matakalar, ta sauke ƙafar dama, ta jawo ta hagu ta same ta, taki ɗaya bayan ɗaya. Maman 'Yan Biyu tana jiranta a ƙasa ta raka ta bakin titi.

Ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Amma ta gane abu ɗaya, kuma ta gane shi sarai: ƙarfen Mai Bene ne ya tsaga mata ƙafa, jiran da mutanen gidansu suka sa ta ne ya hana ta tsalle.